Taɓaryar Ɗaso

Lahadi, 7 ga Janairu
Inna ta sake tambayata ko ni ɗan wane ne. Na ce ni ne Mudassir, ɗanta, har na ɗaga murya. Ta tsorata. Na ji kunyar kaina.

Talata, 9 ga Janairu
Na gano kaset ɗin da ta zo da shi daga Sakkwato. Ita da ƙannenta biyu suna lugude, suna waƙar daka. Ya tsufa, rabinsa shuuu kawai. Tsohuwar kwamfutar marigayi Baba murya uku take fitarwa, taɓarya ma uku ce. Zan zauna in juya kiɗan ya koma fayil ɗin da take ganewa, bugu bayan bugu. Da wannan waƙar Inna ta goya ni. In ta ji, watakila ta tuna ni.

Juma'a, 12 ga Janairu
Bayan masallaci na tura fayil ɗin a zauren intanet na masu tsofaffin kwamfutoci. Wani ɗan zauren, Rakan, ya ce "hilu marra", wato ya yi daɗi sosai, amma bugu na uku yana makara, in gyara. Ni da gyaran waya ne sana'ata a unguwar Utaibiyya nan Makka, wa zai koya mini gyara? Duk da haka na daidaita shi tsaf. Suka yi ta yabo.

Asabar, 13 ga Janairu
Na kunna wa Inna. Ta saurara kaɗan ta kau da kai. "Wagga ba tamu ta ba." Shi ke nan.

Laraba, 17 ga Janairu
Ban taɓa kwamfutar ba. Haushi nake ji, ban ma san na wa ba.

Alhamis, 18 ga Janairu
Yaya Na'ima ta zo daga unguwar Rusaifa da farfesu, Inna ba ta sha ba. Na ba ta labari. Ta ce, "Ya akhi, kai dai da gyare-gyare! Taɓarya ta ukun ta Gwaggo Ɗaso ce. Goyo gare ta lokacin, kullum sai ta gyara zani kafin ta sauke taɓarya. Inna ta sha faɗa." Ni ban taɓa ji ba. Ko na ji ban saurara ba. Ashe mutum guda na goge.

Litinin, 22 ga Janairu
Na maido da makarar yadda take. Rakan ya ce na ɓata aiki.
Da la'asar na kunna. Hannun Inna ya fara bugun katifa, ɗaya, biyu, ta ɗan jira, uku. Ta yi dariya. "Ga Ɗaso nan, malalaciya!" Sai kuka. Sau huɗu na maimaita mata.
Ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗan mutane, wa ya koya maka wagga?"
Na ce, "Innata."
Ta ce, "Allah shi yi mata albarka."
Na ce amin. Ban faɗa mata sunana ba.