Injin Babana da Tashar da Ruwa Ya Gudu Ya Bari

Zuwa ga Alhaji, manajan kamfanin da ya ɗauki kayana daga Doha zuwa Najeriya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, ka san kanka, kuma duk ɗan Arewa da ke zaune a unguwar Bin Omran ya san ofishinka. Ni ne Habu direba, wanda ya yi ta sintiri a ƙofarka har mai gadinka ya daina tambayata wurin wa na zo.

Bari in fara da abin daɗi, Alhaji: injin ya iso hannun mai shi. Alhamdu lillahi. Da a ce wancan watan na rubuta wannan wasiƙa, da ba ta karantu a gaban yara ba. Yanzu zuciyata ta yi sanyi, amma akwai abubuwan da ya kamata a faɗa, don kada wani ya sha abin da na sha.

Na farko, ka san abin da ka ɗauka. Injin kwale-kwale ne na saya wa babana, Malam Isa, mai fiton mutane da bandar kifi a Tafkin Chadi, wajen Baga. Tsohon injinsa ya mutu, ya koma tura jirgi da gora, ga shekaru, ga ciwon kafaɗa. Ya faɗa mini ƙarara cewa in ruwan bana ya cika bai samu inji ba, zai sayar da jirgin ya huta. Wannan jirgi kuwa shi ya ciyar da mu, a cikinsa na koyi tuƙi tun kafin in taɓa sitiyari. In ya tafi, gidanmu ya bar ruwa ke nan har abada, domin ƙanena Sanusi ba zai iya sayen wani ba. Na yi maka wannan bayani tun ranar farko, ka ce in kwantar da hankalina.

Na biyu, maganar adireshi. Na roƙi akawunka ya rubuta lambar wayar Sanusi a jikin akwatin, na ce masa tashar da ke bakin tafki ba a wuri ɗaya take zama ba. Bai ko ɗago kai ba. Ya ce khalas, wato magana ta ƙare, tasha ai tasha ce, ya rubuta "tashar jirgin ruwa, Baga", ya ce in ba na baya wuri.

To Alhaji, a nan gizo ke saƙar. Ku kun saba da tashar teku, irin ta Legas da Fatakwal. Tun zamanin da Turawa ke kwasar gyaɗa da fatu a jirgin ƙasa suna kai su bakin teku, inda aka kafa waɗannan tashoshi nan suke, gobe ma nan za ka same su. Tafkinmu ba haka yake ba. Kakana ya ba mu labarin lokacin da ruwa ke zuwa har gindin gari, jiragen ciyawa na Buduma suna sauke kanwa daga ƙetare, fatake suna jira da raƙuma da jakuna. Da aka yi manyan fari, ruwa ya ja da baya, tasha ta bi shi. Babana ya ɗaure jirginsa a wuraren da yanzu wake da masara ake nomawa. Har yau, in ruwa ya cika mashigi ya matso, in ya janye mutane su kwashe rumfunansu su bi shi. Mu ba mu ɗauki wannan abin mamaki ba, haka muka taso muka gani.

Na uku, abin da ya fi ƙona mini rai. Duk zuwan da na yi, cewa kuke kayan sun maƙale a tashar Legas, cunkoso ya yi yawa. Na yarda, domin wa bai san halin tashar Legas ba? Na yi ta zagin mutanen da ban taɓa gani ba, Allah ya yafe mini. Ashe inji ya daɗe da barin Legas. Direban da wakilinku ya tura ya kai shi har tsohuwar tasha, ya tarar da gonaki da shanu suna kiwo, ya juya da shi Maiduguri, ya ce babu tasha a garin. Ko mai shayin bakin hanya ya tambaya, da an nuna masa gidanmu. Matambayi ai ba ya ɓata.

A tsakanin nan ruwa ya fara cika. Wani mai saye ya zo har sau biyu yana ƙwanƙwasa katakon jirgin. Babana bai taɓa ce mini na yi ƙarya ba, amma ya daina tambayata labarin inji, kuma wannan shirun ya fi mini zagi ciwo. Ina tuƙa 'ya'yan kafil ɗina, wato maigidan da nake wa aiki, zuwa makaranta, hankalina yana can bakin ruwa. Na rame, har abokan ɗakina suna tsokanata wai ko aure aka hana ni.

Sanusi ne ya gaji da jira, ya hau motar kifi zuwa Maiduguri, ya bi sito-sito har ya gano na wakilinku. Ya tarar da akwatin a lungu, an mai da shi teburin cin abinci. Ko ƙwarzane babu a jikin injin. Wannan kam na yaba muku, kun iya ɗaurin kaya.

Buƙatuna ba su da yawa. Ku riƙa rubuta lambar wayar mai karɓa a jikin kowane kaya, ko da mai aikowa bai roƙa ba. In kaya za su bakin tafki ko bakin kogi, ku tambayi mutanen wurin inda ruwa yake a bana. Sannan in ba ku san inda kaya suke ba, ku ce ba ku sani ba, ku bar mutanen Legas da nasu laifin, ya ishe su. Ba na neman diyya, na yafe.

Ranar Alhamis da ta wuce na faka mota a unguwar Al Gharrafa, ina jiran yara su fito daga makaranta, sai ga kira daga lambar Sanusi. Na ɗauka, na yi sallama, ba wanda ya amsa. Sai ƙarar inji kawai nake ji, da ruwa yana dukan katako, can ƙasa-ƙasa kuma dariyar babana. Shi ya sa aka kanga wayar a jikin injin don in ji da kunnena. Na kifa kai a kan sitiyari na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Mai sayen jirgi kuwa, Sanusi ya ce ranar a cikin fasinjoji yake, an tsallakar da shi ƙetare.

Allah ya ƙara wa kasuwarka albarka, Alhaji, ya tsare kayan mutane da ke hannunka, ya sa kowanne ya isa inda ake jiransa tun mai jira bai fid da rai ba.

Wassalam.

Naka,
Habu direba,
Bin Omran, Doha.