Taron da Auta Ta Haɗa wa Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da aiki da abokan zama. Tunda dajin da kamfaninku ya kai ku ginin madatsar ruwa bai san waya ba, na ba direban motar kayanku wannan takarda, ya ce hannu da hannu zai ba ka.

Yaya, na jawo wa kaina. Taro nake haɗa wa Baba ƙarshen wata, kuma kaina ya kulle. Kai ne kake shirya wa kamfani tarukan baƙi, ka taimake ni.

Ga inda nake. Na gaya wa Kawu ranar Asabar ce. Da na je wajen Gwaggo sai ta ce in dai Kawu zai zo Asabar, ita ƙafarta ciwo take yi. Ka san su. Ban san lokacin da bakina ya ce mata ai Lahadi ce ba. Yanzu dangin da suka ji daga Kawu suna shirin Asabar, waɗanda suka ji daga Gwaggo suna shirin Lahadi. Shugabar makarantarmu ta ba ni aron babban ɗakin taro, amma kafin nan na riga na ce wa mai rumfa ya kafa a ƙofar gida. Mai kujeru kuwa na manta inda na ce masa. Jiya mai lasifika ya tare ni a hanya yana tambaya me zai faɗa idan ya buɗe taro. Na ce zan neme shi, na tsallaka titi.

Mutum nawa za su zo, Allah kaɗai ya sani, don duk wanda na haɗu da shi sai na ce ya zo da iyalinsa.

Baba yana lafiya, yana shago kullum. Ka rubuto da wuri.

Ƙanwarka,
Auta


Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na karanta, na sake karantawa, na kuma ba mai dafa mana abinci ya karanta ko shi zai gane abin da ni ban gane ba. Shi ma ya miƙo mini ita yana sosa ƙeya.

Kin gaya mini rumfa, kin gaya mini kujeru, har ƙafar Gwaggo kin gaya mini. Abu ɗaya ne ba ki faɗa ba: taron mene ne? Baba bai yi ritaya ba, mai gyaran agogo ba ya ritaya. Ba a yi haihuwa ba, ba wanda ya dawo daga tafiya. Ko dai wani ne ya fito kike jin kunyar gaya mini?

A wajen aikinmu ba na ɗaga kujera ko ɗaya sai na san dalilin zaman. Dalilin ne yake gaya maka wa za ka gayyata, mutanen ne suke gaya maka girman wuri, wurin kuma shi yake gaya maka ko kana buƙatar rumfa. Ke kin fara daga rumfa kina tahowa da baya.

Don haka ki dakata. Kada ki ƙara gayyatar kowa, ko da a gaban motar asibiti kuka haɗu. Ki tsayar da rana ɗaya, ki je da ƙafarki ki gaya wa Gwaggo gaskiya. Za ta yi faɗa, ba ranar za ta fara ba. Sannan shi mai taron, ya sani kuwa? Ban ga inda kika ce kin gaya masa ba.

Ki gaishe shi, ki ce agogon da ya gyara mini har yanzu bai yi ƙarya ba.

Naki,
Yaya


Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ba wanda ya fito, ka daina.

Takardarka ta same ni abin ya riga ya ƙara dagulewa. Tunda ban faɗi dalili ba, kowa ya ƙirƙiro nasa. Kawu ya ɗauka gidan za a raba, har ya zo yana taka tsakar gida yana ƙirga a ransa. Gwaggo ta ɗauka sulhu za a yi tsakaninta da Kawu, ta aiko cewa ita ba za ta fara miƙa hannu ba. Matar maƙwabcinmu ta kawo mini turamen zani in zaɓa, tana kashe mini ido.

Mafi muni, magana ta shiga kasuwa cewa Baba zai rufe shago. Mutane suka yi ta zuwa karɓar agogunansu, waɗanda aka gyara da waɗanda ba a taɓa ba. Ka san bangon nan na bayan teburinsa da ba ka ganin fentinsa saboda agoguna? Yanzu ƙusoshi ne tsirara. Na shiga na same shi zaune, hannunsa a kan tebur, ba ƙarar komai a ɗakin. Ya ce, “Auta, wa ya ce musu na gama?”

Ka tambaye ni taron mene ne. Ya hana ni faɗa, amma kai ma ɗansa ne. Idon Baba ne. Ya daɗe yana gyara da ji da laluben yatsa, muna zaton ƙwarewa ce. Ran nan ya zuba shayi a gefen kofi, na ja shi asibiti yana faɗa. Likita ya ce na hagu ya tafi, na dama ma yana bin sa. Za a yi masa aiki farkon watan gobe, ko a dace ko a rasa ɗan abin da ya rage. A hanyar dawowa ya ce, shi ba duhun yake tsoro ba, jikokinsa ne da yawa bai san kamanninsu ba.

Shi ne kawai. So nake ya ga fuskar kowa. To yaya zan rubuta wannan a katin gayyata? Me mai lasifika zai ce?

Ka yafe mini ɓoyewar.

Auta


Zuwa ga Auta,

Salamu alaikum. Na karanta takardarki. Ba laifinki. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki.

Yanzu da na san dalili, komai ya fito fili. Saurara.

Ki sallami mai lasifika, ba jawabi za a yi ba. Ki mayar wa shugabarku ɗakinta da godiya, fitilun ciki ba za su ishi idonsa ba. A gida za a yi, da hantsi, lokacin da haske ya cika tsakar gida. Rumfar a kafa ta a waje don masu jira, shi kada a sa shi a inuwa mai duhu. Kujerarsa ta juya wa rana baya, yadda hasken zai sauka a fuskar mai zuwa. A riƙa shigowa gida-gida, kada a yi masa rubdugu, kowa ya matso kusa ya faɗi sunansa da kansa.

Kada ki riƙe komai ke kaɗai. Ki ba Gwaggo girki, ki ba Kawu ƙofa. Mai aiki a hannu ba ya samun sararin faɗa, kuma tsakanin murhu da ƙofa akwai tazara. Ki sa a tanadi ruwan sha fiye da yadda kike zato, da tabarmi don yara. Idan hadari ya taso, a koma shagon, tunda yanzu akwai fili.

Kuma ki gaya wa Baba. Ba a yi wa mutum taro a bayan idonsa, balle irin wannan.

Rana: Asabar ɗin ƙarshen wata, ba canji. Na karɓi hutu, zan iso ranar Juma'a in kama miki.

Yayanki


Zuwa ga Yaya,

Sallama. Ban san ta inda zan fara ba. Takardarka mai tsari ta iso yau da safe, muna kwashe kujeru. An yi taron jiya.

Ashe ba ka samu wadda na aiko ba? Asibiti ne suka matso da ranar aikin, dole na matso da taron. Na rubuta maka nan take, na kai tasha. Yau da direban ya kawo taka na tambaye shi, ya dafe kai: ranar ba shi ya yi tuƙi ba, ya ba abokin aikinsa, shi kuma aka tura shi wani gari. Takardata tana can tana yawo a aljihun mota. Ni kuwa jiya duk motar da ta tsaya a bakin layi sai na fita da gudu.

Yadda aka yi kuwa, kada ka tambaya. Da na canza rana sai na koma ina bin mutane ɗaya-ɗaya, na manta wa na gaya wa, wa ban gaya wa ba. Mai rumfa ya zo gida, mai kujeru ya kai makaranta, muka ɗauko su a kai. Mai lasifika ban sallame shi ba, ya zo da kayansa, ya buɗe taro da taya Baba murnar ritaya. Kawu ya tashi ya ce ba ritaya ba ce, maganar gida ce. Gwaggo ta leƙo daga wajen tukwane da ludayi a hannu ta ce in maganar gida ce ita ma 'yar gida ce. Matar maƙwabci tana ta waige tana neman angon. Ni ina tsaye da tiren kofuna.

Sai Baba ya buga sandarsa a ƙasa. Ban gaya masa ba, amma ashe tun ranar da aka kwashe agoguna ya gane. Ya ce a kashe lasifikar. Ya ce, “Ba gida za a raba ba, ba shago za a rufe ba. Idona ne yake ban kwana, yarinyar nan kuma ta tara mini ku. Ku daina hayaniya ku matso in gan ku.”

Yaya, nan take aka kashe lasifikar. Gwaggo ce ta fara zuwa. Ta durƙusa a gabansa, ya riƙe fuskarta da hannu biyu ya kawo ta dab da idonsa na dama, ya ce, “Kin tsufa.” Ta ce, “Kai ka fara.” Tana dariya tana kuka. Kawu ya zo bayanta, ita ta matsa masa wuri. Jikoki kuwa ɗaya bayan ɗaya, yana juya su wajen haske, yana cewa wannan hancin Innarku ne, wannan kunnen wane ne. Shinkafa ba ta isa ba, ba wanda ya kula. Da yamma mutum biyu suka dawo da agogunansu, wai sun tuna ba a gama gyarawa ba.

Da aka watse ya ci gaba da zama, fuskarsa a wajen ƙofa. Na ce ya shiga ciki ya huta. Ya ce akwai saura.

Wannan karon ba tasha zan kai ba, ɗan Kawu ne zai kawo maka a kan babur. Baba ya ce in bar masa wuri a ƙasan takardar. Ya ƙi yarda in rubuta masa.

Auta


Babba,

Salamu alaikum. Ka yi haƙuri da girman rubutun, haka nake iya ganinsa.

Taro ya yi kyau. Ƙanwarka ba ta iya tsari ba, amma kowa ya zo.

Likita ya ce Laraba. Na ce ya jira ɗana, ya ce ba zai yiwu ba. Ka bar abin da kake yi ka hau bayan yaron nan. Kada ka tsaya aski ko sayen tsaraba. Yadda kake nake so.

Allah ya kawo ka da rana.

Mahaifinka