Ruwan da Ya Shigo ta Ƙasa

Kuchigoro, Abuja
Yuli, 2006

Zuwa ga Yayata abar ƙauna, Yaya Hansatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna, ta saki? Yaya Gumel, an yi shuka? Ni ma lafiya lau, sai kewarku.

Ranar Talatar nan ta ƙi fita daga idona, Yaya, shi ya sa na ce bari in rubuta miki, don waya ba ta ɗaukar irin wannan labari. Tun hantsi gari ya yi luf. Dutsen da ke kallon ƙofar gidanmu ya yafa gajimare kamar amarya ta ja mayafi. Na jera bahuna a bakin indararo yadda muke yi a gida, na kwanta gefen taga da littafin nan mai shuɗin bango da kika ba ni ranar da za a kawo ni. Na kai inda ruwa ya tsare yarinyar da saurayinta a gindin mangwaro. Ƙamshin ƙasa yana shigowa, ina cewa a raina yau ni ma a cikin littafi nake.

Kuma mun yi shirin damina, shiri na gaske. Tun Afrilu maigidana ya sa aka hau rufi, aka ƙara ƙusoshi, aka liƙe duk inda kwano ya huje. Ni na toshe gefen tagogi da tsumma. To a gindin katangar baya akwai wasu ramuka a jere, kowanne hannu zai shiga. Mun ɗauka magina ne suka manta da su, don a garin nan gini ake kamar ana tsere, yau fili gobe bene. A Gumel ai rariya ɗaya ta ishi gida, kuma Baba bai taɓa bari damina ta same mu da kafa a bango ba. Ga kwaɗi suna yi mana zarya ta nan. Wata Asabar muka kwaɓa ragowar siminti, ni da shi, muka toshe su tas muna dariya, har ya shafa mini a kumatu.

Ashe mu sama muke tsaro, ruwan Abuja kuwa ta ƙasa yake zuwa. Bayan azahar ya gangaro daga dutse ja wur, ya biyo titi, ya kutso ta ƙarƙashin ƙofa. Da ya isa katangar baya ya rasa hanya, sai ya tsaya ya fara hawa. Ban ankara ba sai da na ga takalmana sun shigo ɗaki da kansu, ɗaya na bin ɗaya, kamar masu zuwa barka. Wallahi na daɗe ina kallonsu. Kwanuka suka biyo baya suna juyi a hankali, hasken ruwan yana rawa a silin. Ban ji tsoro ba sai da na sauko sanyi ya kama gwiwata.

Maigidan yana ofis, waya ta ƙi shiga. Allah ya taimake ni an ɗauke wuta tun safe. Sai na jiyo muryar maƙwabciyata Maman Rita, Bagwariya 'yar Kwali mai sayar da tukwane, daga bayan katanga: "Amarya! Kana ciki? Ɗauko tabarya! Kai buga daga ciki, ni buga daga waje!" Kada ki yi dariya, haka take kirana, kuma ban taɓa jin kira mai daɗinsa ba. Na lalubo tabaryar aurena, muka yi ta lugude a kan ramukan da muka toshe, ita waje ni ciki, ba ma ganin juna. Allah ya sa kwaɓinmu na 'yan koyo ne, yashi ya fi yawa. Da toshiyar farko ta fice, ruwan ya yi wani irin gunji, ya fara janyewa.

Katifa ta sha, kafet ya sha, shinkafa ta kumbura a buhu. Akwatin littattafanmu kuwa yana ƙarƙashin gado. Ban iya buɗe shi ba sai washegari.

Ki gaida Inna, ki ce mata ni da abin da nake ɗauke da shi lafiya ƙalau.

Ƙanwarki,
Zuhra

Kuchigoro, Abuja
Agusta, 2006

Yaya Hansatu,

Sallama da gaisuwa irin ta 'yan uwa. Ina fata kowa lafiya, kuma ruwa yana sauka muku da albarka. Saƙonki ya iso, da dakakken yajin, na gode.

Gidanmu ya koma kamar kasuwa. Duk ran da rana ta leƙo sai in fitar da komai, da hadari ya taso in kwashe a guje. Ruwan ya bar zane a bango daidai gwiwa, na goge da sabulu da ruwan zafi, amma da safe sai in ga ya dawo. Fumfuna ta kama bayan kabad. Turaren wutan da Inna ta haɗo mini duk na ƙone shi a kan warin danshi. Gado yanzu a kan bulo yake, kayan abinci sun hau kanta, ni kaina ji nake kamar a kwalekwale nake kwana.

Littattafan na shanya su a kan katanga, ina raba shafukansu ɗaya-ɗaya da kibiyar kitso. Wasu sun tashi, sai dai sun yi ƙiba kamar sun je gida hutu. Mai shuɗin bangon ya faɗa ruwa lokacin da na sauko daga gado, ƙarshensa ya zama kunu. Har yau suna gindin mangwaro, ban san ko ya aure ta ba. Da yamma Maman Rita takan shigo da gasasshiyar masara in karanta mata. Jiya ta tsayar da ni ta ce, "Wannan yarinya kullum kuka, kullum kuka, ba ya da aiki ne?" Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Amma ga abin da ke damuna. Maigidan ya yi shiru tun ranar. Yakan tsaya ya zura wa zanen bangon ido, ya ce da hannunsa ya kusa hallaka ni. Ya goyi bayan maganar Inna, wai in taho goyon ciki tun yanzu ba sai watan ya kama ba, shi kuma ya sallama gidan ya nemo mana ɗaki a saman bene cikin gari. Na san ke aka ɗora wa zuwa ɗaukata.

Ranar Lahadi ya zaga da ni Maitama a mota don in sha iska. Kin san yadda nake mafarkin gidajen nan, masu furanni da masu gadi. Da can sama nake kallo, baranda da labule. Wannan karon idona gindin katangu ya yi ta bi, kuma ga su nan, ramuka a jere, har a gidajen jakadu. Na taɓa shi na nuna masa. Sai ya rage gudu.

Ina son ɗakin Inna, Yaya. Ina mafarkin furarta da busasshen yashin tsakar gidanmu. Sai dai idan na tuna wani zai zo ya zauna a nan, ya ci gwaibar da na dasa, sai barci ya gudu. Ki ba ni lokaci kaɗan.

Ki shafa mini kan yara.

Taki,
Zuhra

Kuchigoro, Abuja
Satumba, 2006

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, da Inna da kowa. Mu ma alhamdu lillahi.

Shekaranjiya aka yi ruwan da ya fi na Talatar nan. Kafin shi mun haƙa lambatu daga ƙofa zuwa katangar baya, maigidan da Baban Rita na haƙa, mu mata muna jera duwatsu a gefe. Ramukan duk a buɗe suke, mun sa musu raga saboda kwaɗi. Da aka tsuge, na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗaki, shi ma ya zo ya zauna, ya riƙe gefen zanena bai sani ba. Ruwan ya shigo ja wur kamar wancan karon, ya bi hanyar da muka yi masa, ya wuce kamar baƙon da ya san gida. Na naɗe wani shafi da rubutunsa ya wanke, na yi ɗan jirgi na saka. Muka bi shi da ido har raga ta tare shi, yana rawa. Shi ya tashi cikin ruwan ya ɗauko mini, yana dariya irin wadda na daɗe ban ji ba.

A littattafanmu kullum wani ne yake zuwa da mota ya ɗauke yarinyar ya kai ta inda ya fi. Na so hakan ƙwarai da. Amma a ranar nan babu wanda ya ɗauke ni, tabarya na ɗauka, kuma tun daga lokacin nake jin gidan nan nawa ne. Na faɗa masa haka, ya daɗe yana kallon lambatun, sannan ya ce to.

Don Allah ko kin tuna ƙarshen mai shuɗin bangon, kada ki gaya mini tukuna. Ki lallaɓa mini Inna, ki ce in watan ya kama zan zo da ƙafata in sha Allahu. Ki gaida maigidan da yara da duk mai tambayata.

Kada ki taso ɗaukata ranar Juma'a kamar yadda aka tsara, Yaya. Ba za mu sallama gidan ba, kuma a cikinsa zan ƙare daminar nan.

Ƙanwarki,
Zuhra