Ranar da Hannatu Ta Buɗe Baki

Daren Lahadi, tsakiyar damina, Tudun Wada

Wata uku ke nan matata Hannatu ba ta ce uffan ba, tun da muka binne 'yarmu. Maganin asibitin Mishan da na gargajiya da Inna, mahaifiyata, ta kawo duk sun gaza.

Da la'asar masu bi suka zo mana sujada a rumfa. Malam Yohanna, jagoransu, ya ɗaga waƙar yabo, muka amsa. A baiti na uku sai na ji wata murya a bayana, tana rawa, amma na san ta. Na kasa juyawa, don na tabbata Ubangiji na tsaye a tsakaninmu.

Da aka watse Hannatu ta taɓa hannuna, ta ce mini, "Malam, yunwa nake ji."

Ya Yesu, wane ne ni? Bari in ajiye alƙalamin nan in yi maka godiya.