Ƙura da Kura

Sabon Gari, Kano
3 ga Oktoba, 1955

Zuwa ga Saje Manjo Isyaku Maje,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Ummakulsum da yara.

Abin dariya ne a ce na sayi kan sarki don aika wasiƙa Fagge, inda ko tari na yi za a ji. Amma tun ranar da na gaya maka Ifeoma ta sami miji ka ɗauke ƙafa, sati biyar ke nan. Ko a rikicin bara waccan, da aka ja waya tsakaninmu da ku, sai da ka ratso ka duba mu.

To ga maganar a rubuce. Asabar ta ƙarshen watan gobe za a ɗaura auren. A cocinmu uba ne ke riƙo hannun amarya ya kai ta gaban Fada, limamin cocin. Ubanta Cyprian yana kwance a ƙasar Bama, inda kuka tafi yaƙi tare ka dawo ba shi. Yarinyar ta ce ba ta san wani uba ba sai kai, kuma ka zo da kakinka da lambar yabonka a ƙirji. Na tambayi Fada, ya ce ba laifi don kai Musulmi ne.

Ka huta lafiya.
Felicia Nwabueze

Fagge
9 ga Oktoba

Maman Ifeoma,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta iso. Allah ya sanya albarka a auren.

Ba zan iya ba. Ƙafar da aka harbe ni a yaƙin Habasha ta tashi, tsayuwa tana ba ni wuya. Shekara ashirin da biyu na yi cikin kaki, daga kurtu har Saje Manjo, ban taɓa ƙin umarni ba, amma wannan ki yafe mini. A nemi ƙanin ubanta na Inugu.

Wassalamu.
Isyaku Maje

Sabon Gari
12 ga Oktoba

Saje Manjo,

Ina gaisuwa, ina kuma gaida ƙafa. Ranar Litinin an gan ka kana tuƙa keke wajen tashar jirgi, ƙafar ba ta ce komai ba.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Takardar da Baturen sojanku ya aiko mini tana nan cikin Littafi Mai Tsarki. Ya ce da mutum tara ka riƙe tudu yini biyu Japanawa suka kasa hawa, sannan ka goyo gawar mijina ka sauko da ita cikin ruwan harsashi. Mutumin da ya goyi gawar uba, shi ne zai kasa riƙe hannun 'yarsa ya yi taku ashirin da ita? Ifeoma ta ajiye ɗinkin rigar auren, sai kuka take yi, wai ko ta yi maka wani laifi ne. In cocin ne ba ka son shiga, ka faɗa, ba yara ba ne mu.

Ina jiran amsa.
Felicia

Fagge
20 ga Oktoba

Maman Ifeoma,

Ina gaishe ki. Ba coci ba ne, ba kuma ƙafa ba.

Abin da Bature ya rubuta gaskiya ne, sai dai bai san rabi ba. A dajin nan na Bama gora ta yi duhu, ga ruwa ba ya ɗaukewa, da rana tsaka ba ka ganin wanda ke gabanka. Japanawa sun koyi 'yar Hausa, sukan ɓuya su kira “sannu aboki”, wanda ya ɗaga kai su harbe shi. Sai na sa wa mutanena kalmar shaida: duk wanda ya tunkaro mu ya ce ƙura. Na san bakin Bajapane ba zai iya ƙ ba, kura zai ce. Har yabon kaina na yi a kan wannan dabara.

Na manta da Cyprian. Shi ne mai wayarmu, tun safe ya sauka gyaran wayar da aka tsinke. Saƙon kalmar ya same shi a hanya. Kin san bakinsa, a bariki kullum muna tsokanarsa ya ce ƙarfe, ya ce karfe, mu yi ta dariya har da shi. Wajen la'asar gora ta motsa. Na ce, “Wane ne?” Aka ce, “Kura.” Na sake tambaya, aka sake cewa, “Kura, Saje.” Kafin “Saje” ɗin ya gama shiga kunnena na riga na danna.

Bai mutu nan take ba. Ya gane ni. Bai zage ni ba, cewa ya yi ai ya faɗa, sau biyu ma.

Sauran sun zaci harsashin abokan gaba ne, ni kuma na yi shiru. Tudu na riƙe shi, wannan ba ƙarya, amma lokacin so nake a kashe ni, shi ne suka kira jarumtaka suka maƙala mini lamba. Shekara goma sha ɗaya ina zuwa gidanki ina cin abincinki, yarinya tana ce mini Baba. Na iya wannan. Amma in riƙe hannunta da hannun nan a gaban jama'a, a wurin da ubanta zai tsaya, ba zan iya ba.

Duk abin da kika yanke daidai ne. Allah ya ba ki haƙuri.
Isyaku

Sabon Gari
2 ga Nuwamba

Isyaku,

Na sami wasiƙarka.

Ban gaya wa Ifeoma ba, ban kuma san ko zan gaya mata ba. Ƙanin ubanta zai iso a jirgin Alhamis.

Tun da na karanta nake gwada kalmar nan ni kaɗai a kicin. Shekara ashirin ina Kano, ba ta fita. Da ni ce a tudun, da ni ma ka harbe ni.

Kada ka zo gidana tukuna. Ka gaida Ummakulsum, ita ba ta yi mini komai ba.

Matar Cyprian