Abin da Suke Jira a Cikin Jirgi

Litinin, 3 ga Maris

Na je ɗauko Maman yara a ƙaramin filin jirgi. Tunda asibiti suka fara tura ta ƙauyuka duba masu ciki, wani matuƙi mai baƙin tabarau ke kai ta a ɗan jirginsa. Jirgi ya sauka, ya tsaya cak, amma ƙofa a rufe. Ni ina jikin wayar shinge, rana tana gasa ni. Me ake yi a ciki?

Alhamis, 6 ga Maris

Yau ma haka. Da ta fito kuma ba ta nufo ni kai tsaye ba, sai da ta zagaya ta wutsiyar jirgin, inda ba na hango ta. A mota na tambaya. Wai jira suke farfela, fankar nan ta hancin jirgi, ta daina juyawa, wai doka ce, ba a bi ta gaba. Ni ban ga wata farfela tana juyawa ba. Na ga dai tana dariya ta taga.

Lahadi, 9 ga Maris

Turare ta sake. Ko kuwa hancina ne.

Laraba, 12 ga Maris

Na fasa ƙwai. Na ce gobe da zarar jirgi ya tsaya ta buɗe ƙofa ta taho wurina, ta hanyar da zan riƙa ganinta. Ta dube ni ta daɗe. Ta ce, "Haka kake so, Baban yara? To." Wannan "to" ɗin bai yi min daɗi ba.

Alhamis, 13 ga Maris



Ta yi yadda na ce. Ta diro, ta miƙo ta gaban jirgi, idonta a kaina, jakar aikinta rungume a gaba. Wallahi babu komai a wurin, fili ne fetal, har ciyawar can baya ina gani. Sai ƙara kamar an sari katako. Jaka ta tashi, auduga da safar hannu suka watse a iska. Matuƙin ya kashe inji, sannan ne fikafikan farfelar suka bayyana, suna lilo, taku ɗaya daga ƙirjinta.

Ko ƙwarzane ba ta yi ba. 

Asabar, 15 ga Maris

Asibiti sun dakatar da ita sati guda. Sun tambaye ta dalilin da ya sa ta karya doka, ta ce gaggawa ce. Ba ta ambace ni ba. Da ta zage ni ma da ya fi min sauƙi.

Litinin, 24 ga Maris

Ta koma aiki. Ban ce na yarda da mai tabaran nan ba, har yanzu dariyarsa ta yi yawa. Jirgi ya tsaya, ƙofa a rufe, sun daɗe. Ina jin sun daɗe. Ban lura sosai ba, hancin jirgin nake kallo, ina cewa a raina, zauna tukuna, kar ki fito.