Makullin Alhaji Sabo

Rano, cikin watan Rajab, daren jajibirin kasuwar Kibiya

Bayana ciwo yake, amma daɗi ya hana ni barci. Tun jiya kwamfutar tashar motar Kibiya ta daina magana da tamu. Alhaji Sabo, shugaban tasha, ya ce in gari ya waye direbobi ba su ga kayan da za su ɗauka ba, zai ɗauko wani daga Kano, ni in koma sayar da cajar waya.

Matsalar kwamfutar tsohon ciwo ce. Manhajar rajistar kaya tana da makullin sirrinta, manhajar tura wa direbobi saƙo tana da nata, ta Kibiya ma haka. Da wa'adin ɗaya ya ƙare sai in bi su ina lalube. Yau na tattara saitin tsaron wuri guda a ƙarƙashin makulli ɗaya, kowacce ta riƙa ɗauka daga nan. Kafin la'asar Kibiya ta amsa.

Da na yi wa Alhaji bayani, kalma ɗaya ya kama.

"Makulli ɗaya ka ce? Miƙo shi. A tashar nan ni ke riƙe makulli."

"Ranka ya daɗe, ba na ƙarfe ba ne."

"Ko na kara ne, miƙo."

Na kwafa masa a filas, ɗan abin nan na adana bayanan kwamfuta, ya zura cikin zoben makullan sito, ya jijjiga, ya jefa aljihu yana murmushi. Zancen mutumin Kano ya mutu.

Kalmar sirrin buɗe filas ɗin kam bai tambaya ba. Ni ma ban ga dalilin tayar da maganar ba.